An kore ni daga teburin karta, makina kuma ya bi ruwa

Wajen sha ɗaya na dare, a wani gidan caca na Las Vegas, wayar da ke bayan mai rabon karta ta yi ƙara a karo na uku. Mai kwat ɗin da ke sa ido kan teburan ya ɗauka, ya ba ni baya, yana magana ƙasa-ƙasa. Ni kuwa tun a kira na biyu na sha jinin jikina. Duk wanda ya jima a harkar ya san alamar: in waya ta yawaita kuka, wanda ɗazu yake yi maka raha ya tsuke fuska, to masu kallo ta kyamarorin rufi sun fara ƙirga kartar tare da kai. Dala 300 ce a gabana a lokacin, alhali minti goma da suka wuce 25 nake zubawa.

Na san abin da ke bakin mai karatu, bari in riga shi faɗa. Caca haramun ce, tun ina makarantar allo na san haka. Shekara biyu na yi ina lallashin kaina cewa ni ba caca nake yi ba, lissafi nake yi. Uwargida ba ta taɓa sayen wannan zance ba, ko sisin kuɗin ba ta yarda ya shiga cefanenta ba. Wannan tsakanina da Mahaliccina ne, kuma na bari. Labarin da zan bayar na wani katin roba ne da ya zauna a aljihuna tsawon lokacin.

Aikina nazarin alƙaluma ne a wani kamfani a kudancin Kalifoniya. Daga gidana zuwa Las Vegas tafiyar awa huɗu ce a kan babbar hanya mai lamba 15 in babu cunkoso, ka wuce Barstow, ka wuce Baker mai dogon ma'aunin zafi a bakin titi, sai ka faɗa jihar Nevada. Wasan da ya ja ni shi ne blakjak. Kai da mai rabo ne, wanda ya fi kusa da 21 bai zarce ba shi ya ci. Abin da ya raba shi da yawancin wasannin gidan shi ne, kartar da ta fita ta fita, ba ta dawowa sai an sake cakuɗawa. Tun 1962 wani malamin lissafi, Edward Thorp, ya wallafa littafin da ya nuna cewa wanda ke lura da abin da ya fita zai san lokacin da ragowar ta karkata wajensa. Hanyar da na koya mai sauƙi ce. Karta daga 2 zuwa 6 ta fito, ka ƙara ɗaya a zuci. 10 ko mai hoto ko Es ta fito, ka rage ɗaya. 7 da 8 da 9 ka ƙyale su. Sai ka raba abin da ka tara da adadin kwalayen karta da suka rage a akwatin rabo. In lambar ta hau, manyan karta ne suka yi saura, kuma su ne alherin ɗan wasa, domin da su ake samun 21 a karta biyu, wadda tebur mai kyau ke biyan uku a kan biyu, kuma su ke sa mai rabo ya zarce 21 ya faɗi tunda doka ta tilasta masa ja har sai ya kai 17. A nan kake zuba da yawa. In ta sauka ka koma ƙarami.

Ribar ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya iya wasan sarai amma ba ya ƙirga, gidan ya fi shi da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Mai ƙirga yana juya abin ya dawo wajensa da kamar kashi ɗaya. Ba laifi ba ne a dokar Amurka mutum ya ƙirga da kansa. Abin da Nevada ta haramta shi ne amfani da na'ura.

Ranar da na fara shiga gidan, wata mata a teburin rajista ta ce in kawo lasisin tuƙina ta yi min katin mamba, kyauta ne. Na miƙa. Daga ranar duk sanda na zauna sai in ba mai kwat katin, shi kuma ya shigar da nawa na canza, nawa nake zubawa a tsaka-tsaki, awa nawa na zauna. Da waɗannan ake auna darajarka, kuma ba ruwansu da ko ka ci ko an cinye ka a daren. Abin da suke lissafawa shi ne asarar da ake sa ran za ka yi. A ce an rubuta maka dala 100 a kowane zagaye, zagaye 70 a awa, awa huɗu. Ka juya dala 28,000 ke nan. In sun ɗauka gidan na da kashi ɗaya a kanka, dala 280 suke jira daga aljihunka. Daga cikin wannan ake yago wani abu a mayar maka da sunan kyauta: ɗaki, abinci, da maki da ke taruwa a katin, kana kashe shi a shagunansu kamar kuɗi.

Tsofaffin hannu suna gargaɗi cewa mai ƙirga ba ya wasa da kati, don katin ne ke haɗa fuskarka da sunanka da tarihin zubinka a waje guda. Na ji, na yi kunnen uwar shegu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Cikin shekara ɗaya da rabi na kai mataki na biyu daga sama. Ɗaki kyauta, an yafe min kuɗin da otal-otal ɗin garin ke ɗorawa kowane dare a kan kuɗin ɗaki, ajiye mota kyauta, layi na daban a wajen cin abinci. Aka haɗa ni da wani mai kula da manyan baƙi da ke turo min saƙo ranar zagayowar haihuwata. Har katin bashi na banki mai tambarin kamfanin na karɓa, ya zamana man mota da madarar yara da na saya duk suna zama maki a asusun nan. Makin ya kai darajar dala 1,900, kuma kusan 700 daga ciki daga sayayyar gida ya fito, ko kusa da tebur bai je ba.

In zan faɗi tsakani da Allah, ba ɗakin ne ya kama ni ba. A wajen aiki ni ne baƙin nan mai suna mai wuyar faɗa. A can kuwa ina miƙa kati sai a washe baki, a ce barka da dawowa, a buɗe min igiyar da aka tare wasu da ita. Mutum ya san sarai da me ake sayen girmamawar, ni da hannuna na yi lissafin, amma zuciya ba ta karanta alƙaluma.

To, a daren nan, ba a jima da ajiye waya ba sai na ji mutum a bayana. Wani ne daban, kwat ɗinsa ya fi na farko tsada. Ya kira cikakken sunana, kuma daidai ya faɗe shi, abin da abokan aikina na shekara biyar suka kasa.

"Yallaɓai, wasanka ya fi ƙarfinmu. Daga yau ba blakjak a gidan nan. Sauran wasanni kuwa ga su nan, duk wanda ranka ke so."

Mai rabo ta turo min dala 300 ɗina ba ta ɗago ido ba. Wata tsohuwa da ke gefena ta ce, "Me ya yi?" Ba wanda ya tanka mata. Na tattara ƙwandalolin cacata, na je tagar biya aka canza min, na hau na kwanta a ɗakina na kyauta. Da safe na buɗe manhajar kamfanin a waya, komai na nan, maki da mataki. Wannan shi ne matakin farko, na ja-baya: an hana ka wasa ɗaya amma ba a hana ka gidan ba. Da ina da wayo, a ranar zan cinye makin nan tas, in saya wa yara kaya a shagunan otal ɗin, in kama hanya. Sai na ce ai nawa ne, ina za shi?

Bayan sati uku na koma, amma wani gidan na daban a kan titin, mallakar kamfani ɗaya. Na bar gemu, na sa hular hana-sallah, na zauna ban miƙa kati ba. Dubi wautar: a otal ɗin nan ɗin na sauka, a ɗakin kyauta, da sunana. Kifi na ganinka mai jar koma. Minti arba'in na yi. Wannan karon ba waya, ba raha. Masu gadi biyu ne suka tsaya dama da hagu, da wani manaja a tsakiya.

Ya ce in taso mu koma gefe. Ya zaro wani ɗan kati mai leda daga aljihun gaba, ya shiga karantawa da muryar wanda ya karanta shi sau ɗari. A matsayinsa na wakilin masu wurin, yana gargaɗina cewa an hana ni shiga harabar, in na dawo za a iya kama ni a ƙarƙashin sashe na 207.200 na dokokin Nevada. Ya ɗago ya ƙara da nasa bakin cewa hanin ya haɗa duk gidajen kamfanin a kowace jiha, har da gidajen abinci da wajen ajiye mota. Sannan ya ce in kawo shaidar kaina, mu shiga ofishin baya a cike takarda.

Nan kam na tuna karatuna. Na ce, "In kama ni kuka yi, ku kira 'yan sanda. In ba haka ba, zan canza kuɗina in tafi." Hannayena na bar su a fili, muryata ban ɗaga ba, ko da yake gwiwoyina rawa suke. Ya dube ni ya ce to.

A tagar biya ma aka nemi shaida. Na ce kuɗin bai kai dala 10,000 ba, wanda daga samansa ne dokar tarayya ta wajabta a rubuta rahoto da sunan mutum, kuma ƙa'idar jihar ta ce gida ya fanshi ƙwandalolinsa daga hannun mai wasa. Matar ta kalli manaja, ya gyaɗa kai, ta ƙirgo min dala 1,150. Suka raka ni ɗaki. Mukullina ya riga ya mutu, da nasu suka buɗe. Ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa ya tokare ta da ƙafa, ni kuma ina cusa kaya a jaka, har buroshin haƙorina na manta. Ƙarfe ɗaya na dare ina kan hanya. A wajen ajiye motocin wani gidan mai a Barstow na yi sallar asuba a kan kwali, ina jin kunyar ɗaga hannu.

Daga ranar Litinin aka shiga na takarda.

Manhaja ta ƙi buɗewa, sai wani gajeren rubutu cewa in tuntuɓi sashen kula da mambobi. Na tura wa mai kula da ni saƙo, mutumin da ya san sunayen 'ya'yana. Shiru. Na sake turawa bayan kwana biyu, shiru har yau. Ban riƙe shi a zuci ba. Shi ma da asarar baƙinsa ake auna aikinsa, kuma saniyar da ba ta ba da nono ba mai kai mata dusa. Sai ga takardar banki: an cire min cikakken kuɗin ɗakin daren da aka kore ni, farashin ƙarshen mako, har da ƙarin da aka saba yafe min. Ɗakin da ko kan gadonsa ban hau ba.

Na kira layin mambobi sau uku. Ta farko ta ce asusun a rufe yake, ba ta ganin dalili, a tambayi sashen tsaro. Sashen tsaro suka ce su hani kawai suka sani, maki ba nasu ba ne. Na uku ya ba ni adireshi ya ce in rubuto. Kafin in rubuta sai ga imel: an soke kwana ukun da na kama wa Yayana, wanda zai zo daga Kano da iyalinsa bayan wata biyu. Na riga na cika masa baki a waya cewa otal ɗin da zan sauke shi ko gwamna sai haka, kuma ko kwabo ba zan biya ba.

Na zauna na rubuta wasiƙa mai shafi biyu, na aika ta gidan waya da rajista. Ban nemi a dawo da ni ba. Abu biyu na roƙa: kuɗin ɗakin, da makin da ya fito daga katin banki, tunda shi ba a tebur na same shi ba. Bayan sati biyar amsa ta zo, sakin layi biyu. Sun mayar da kuɗin ɗakin, a cewarsu don kyautatawa. Maki kuwa suka nuna min sharuɗɗan da na amince da su ranar rajista. Ranar na fara karanta su. Maki ba shi da darajar kuɗi. Maki mallakar kamfani ne, ba na mamba ba. Kamfani na iya soke mamba a duk lokacin da ya ga dama, kuma abin da ke asusun wanda aka hana shiga ya faɗi. Na kira bankin, suka ce su duk wata suke tura makin can, da ya bar hannunsu ba su da ta cewa.

Na biya wani lauya kuɗin rabin awa a waya. Mutumin bai ɓata min lokaci ba. Ya ce a Nevada gidan caca na da ikon korar wanda ya so, muddin ba don launin fata ko addini ko makamancinsu ba, kuma kotun ƙolin jihar ta sake tabbatar da haka a 2016. Kotun ƙolin Indiana ma a 2010 ta ba gidan caca gaskiya a kan wani mai ƙirga. New Jersey ce ta fita daban, tun shari'ar Ken Uston a 1982, inda kotu ta ce hukumar caca kaɗai ke da ikon tsara dokokin wasan, don haka gidajen Atlantic City ba za su kori mutum don yana ƙirga ba. Na ce ashe da can na je da makina na nan. Ya yi dariya. Ya ce a can ba za su kore ka ba, amma za su riƙa cakuɗa karta duk sanda ka ɗaga zubi, su ƙayyade maka iyakar abin da za ka sa, kuma ba wanda zai tilasta musu ba ka ɗaki. Kujerar ce kotu ta tsare maka, ba ta ce a ciyar da kai ba.

Ya ce hukumar kula da caca ta Nevada na sauraron saɓani tsakanin gida da mai wasa, ina iya gwadawa. Sai ya tambaye ni matsayina a ƙasar. Na ce katin zama na dindindin gare ni, ina shirin neman zama ɗan ƙasa. Muryarsa ta canza. Ya ce to ka ji da kyau, keta wannan hani ƙaramin laifi ne, amma hukuncinsa na iya kai wata shida a gidan yari ko tarar dala 1,000, kuma takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambayar ko an taɓa kama ka. Kada ka taka ko da wajen ajiye motarsu. Na auna dala 700 da ganin sunana a fayil ɗin caca, na haƙura.

Sauran ya zo da sauri. Gidajen suna musayar labari. Da can wani kamfanin bincike mai suna Griffin ne ke tara hotunan masu ƙirga a littafi yana sayar musu, har ya durƙushe a 2005 bayan wasu 'yan wasa biyu sun yi nasara a kansa a kotu. Yanzu ta intanet ake yi. Wani kamfanin daban da nake da ƙaramin kati a wajensu, wanda ban taɓa samun matsala da shi ba, tayin ɗakinsa ya ƙafe cikin wata guda.

Abu ɗaya suka aiko min ba gardama: takardar ci da asara, da na nema don haraji, tunda a Amurka abin da ka ci a caca sai ka bayyana shi. Ta nuna na fi su da dala dubu goma sha ɗaya da 'yan kai a shekara biyu. Na raba da awoyin da na rubuta a littafina, na cire man mota, sai ga shi bai kai abin da nake samu a awa ɗaya a ofis ba.

Yaya ya zo. Na kama musu wani otal mara gidan caca a bayan gari da kuɗina, na kai su madatsar ruwa ta Hoover, aka sha hotuna. Da dare ya ce a zaga da su titin fitilun nan da ake gani a talabijin. Muna tafe a ƙasa sai ya tsaya daidai ƙofar gidan, ya karanta sunan.

"Kai, ba wannan ne ka ce za ka sauke mu ba? Mu shiga mu ga abin da muka rasa mana."

Suka nufi ƙofa. Ni na toge a kan dakalin titi.

"Taho mana."

"Yaya, ba zan iya shiga ba."

Ya ce wa matarsa ta ja yara gaba su ga fitilu. A tsaye a nan, mutane na gogar kafaɗunmu, na faɗa masa komai. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallon ginin, sannan ya ce, "To shi ɗakin da ka ce min kyauta ne, da me aka biya shi?"

Na buɗe baki zan kawo masa lissafin dala 280, sai na ga ba tambayar da yake yi ke nan ba. Na yi shiru.

"Allah Ya rufa asiri ban kwantar da iyalina a ciki ba," ya ce. "Hajiya kada ta ji wannan. Ba daga bakina ba, ba daga naka ba."

Wata huɗu da korata sai ga kati mai sheƙi a akwatin wasiƙa, da tambarin kamfanin da sunana da ruwan zinariya. Sun yi kewata, ga kwana biyu kyauta, in zo in huta. Na kira sashen tsaro na tambaya ko an janye hanin ne. Mutumin ya duba ya ce yana nan daram, in na zo za a kama ni, masu talla jerinsu daban. Na ce to a cire ni daga jerin. Ya ce wannan a cikin asusuna zan shiga in yi.

Har yanzu duk bayan 'yan makonni sai ya zo. Uwargida ce ke ɗaukowa, ta ce, "Yallaɓai, masoyanka sun sake aiko wa." Takardar na da kauri, a kanta take ɗora tukunya mai zafi in ta sauke.